Kati Biyar Masu Kafaɗa

A layin nan babu wanda ya taɓa zuwa wurin Mai Kati, amma kowa ya san launin labulen ɗakinsa. Mai aski ya ce katin duban mutumin ya shekara ɗari bakwai, wani matuƙin jirgin ruwa ne ya damƙa wa kakan kakansa yana gargarar mutuwa. Mai gyaran agogo ya ce ƙarya ne, a aljihun mahaukaci aka tsince shi. Matar da ke sayar da shayi a bakin kwana ta ce ita ba ruwanta da inda ya samo, abin da ta sani shi ne ya gaya wa wata ƙawarta mijinta zai gudu, kuma ya gudu. In aka tambaye ta wace ƙawa, sai ta hau goge kofi. Wasu sun ce ba ya wanka ranar da zai yi duba. Mai aski ya ce to ashe kullum cikin duba yake.

Tawada mai maɗaba'a yakan zauna a ƙarshen benci in ana wannan hira, bai taɓa sa baki ba. Faratansa ne suka jawo masa sunan, don ko ranar aurensa baƙi ƙirin suke. Shi ya je wurin Mai Kati. Sau ɗaya tak, shekara tara da suka wuce, kuma tun daga ranar bai sake sa hannu a kwano ɗaya da ƙanensa ba.

A waccan shekara abubuwa uku suka same shi a jere. 'Yarsa ta fari ta rasu tana wata takwas, zazzaɓin kwana biyu. Ba a rufa wata biyu ba wuta ta kama ɗakin ajiyar takardu. Sannan injin yanka ya ɗauke masa kan ɗan yatsa, shi da ya shekara ashirin yana aiki da injin ko ƙwarzane bai taɓa samu ba. Sai ya bi ta lungu da hantsi, ya ɗaga labulen nan. Mai Kati ya yi lale, ya ba shi ya yanka, ya zaro kati ya ajiye kusa da wani kati mai hoton gida. Maciji. Aka sake lale, maciji. Aka yi na uku, maciji dai. Mai Kati ya daɗe yana girgiza kai, sannan ya yi tambaya guda.

“Wa ke da makullin shagonka ban da kai?”

Auta ne, ƙanensa. Uwa ɗaya uba ɗaya, shi ke ɗinkin littattafai a bayan shagon. Tawada bai ce masa uffan ba, bai kai ƙara wurin kowa ba. Ya dai canja kwaɗo. In lokacin abinci ya yi sai ya ce cikinsa ba daɗi. In Auta ya sha ruwa, sai ya faki idonsa ya wanke kofin da sabulu. Wata rana Auta ya juyo ya gan shi yana wankewa. Ya tsaya yana kallonsa har kumfar ta ƙare, sannan ya tattara basillarsa da zarensa da tukunyar gam, ya koma wani ɗan lungu a ƙarƙashin matakalar bene kusa da makaranta, tafiyar rabin sa'a. Matar Tawada ta yi tambaya har ta gaji. Shi kuwa duk lokacin da abin ya taso masa a zuciya, amsarsa ɗaya ce: sau uku. Kati talatin da shida, maciji ya fito sau uku a jere, ai ba banza ba.

Ranar wata Talata da safe, yana cikin goge injin bugawa da tsumma, sai ƙofa ta yi duhu. Warin ne ya fara shigowa, warin tsohon gumi da turare mai araha da aka yi ta zubawa a kansa. Mai Kati ya tsufa. Ya yi ƙiba a wuya, ido ɗaya ya yi fari, ga wani busasshen abu a kusurwar bakinsa.

“Kai ne mai wurin? An ce aikinka da kyau, kuma ba ka da surutu.”

“Ni ne,” in ji Tawada. Yana jira a ce masa, a'a, ashe kai ne. Ba a ce ba.

Tsohon ya kwance wani ƙyalle a kan tebur. Katin ne.

“Sun gaji. Wasu ma ba a gane hoton. So nake a buga mini sababbi, iri ɗaya sak, amma a yi musu launin tsufa, kada su yi ƙyalli kamar katin biki. Zan je a duba mini idon nan, in dawo bayan azahar mu yi magana. Ka riƙe su da daraja, sun girmi kakanka.”

Da ya fita, Tawada ya daɗe bai taɓa su ba. Sai da ya wanke hannu, abin da daga baya ya ba shi haushin kansa, sannan ya ɗauka.

Sun yi laushi kamar tsohuwar fata. Gefensu ya yi baƙi da maiƙo, in ka ɗaga ɗaya sai na ƙasa ya biyo shi da ɗan sauti, ɗaf. A kusurwar kowanne akwai tabon da babban yatsa mai yawu ya bari, shekara da shekaru, yawu kan yawu. Akwai gashi guda manne a jikin katin rana. Katin jirgin ruwa da ɗigon miya. Ya jera su a kan farar takarda: makulli, zobe, wasiƙa, kifi, tauraro, gida. Da ya zo kan macijin ya ajiye shi nesa da sauran.

Ya jawo gilashin da yake duba tawada da shi, ya kafa a kan hoton rana don ya ga launukan da zai haɗa. Ya duba, ya ɗago, ya goge gilashin, ya sake dubawa. Ɗigo-ɗigo ne. Ja da shuɗi da rawaya da baƙi, ƙananan ɗigo a jere reras, irin waɗanda injinsa ke zubawa kullum a kan kalanda da kwalin sabulu. Babu hannun da ya zana wannan. Inji ne, kuma ba wani tsohon inji ba, har ma mai bugun ya yi sakaci, shuɗin ya ɗan zame ya bar jan. Da yaron shagonsa ne a da, da ya sha faɗa.

Sai ya tuna maigidan da ya koya masa aiki, wanda ya taɓa ce masa ai kati don wasa aka fara yin sa, don karta da caca, daga baya ne mutane suka mai da shi abin duba, masu maɗaba'a kuma suka ga kasuwa suka dinga bugawa har da ɗan littafin bayani a cikin kwali. A lokacin dariya ya yi. Yanzu ga alamun karta ƙanana a saman kowane hoto, dauɗa ta kusa cinye su.

To, ya ce a ransa, shekarun ne ƙarya. Ƙila mutumin ma haka aka gaya masa. Wannan bai taɓa sau ukun ba.

Saura awo. Ya haɗa katin, ya buga gindinsa a tebur, ya buga gefensa, kamar yadda ake daidaita takarda kafin a sa wa inji. Ya bi gefen da babban yatsa. Duk wanda ya shekara talatin yana yanka takarda, yatsansa ya fi rula gaskiya. Gefen ba sumul yake ba. Akwai tudu-tudu, ƙanana, kaurin gashi biyu. Ya sake bugawa, ya sake shafawa, suna nan. Ya kama katin ta gefe da gefe da yatsa biyu, ya ja a hankali. Guda biyar suka zamo suka biyo hannunsa, sauran suka tsaya.

Ya juya su. Akwatin gawa. Ɓeraye. Lauje. Bulala. Na biyar, bai gane shi ba sai da ya tuna ya mayar da macijin cikin sauran lokacin haɗawa.

Ya yi lale da kansa, lale mai kyau, ya ja. Su biyar ɗin. Ya rufe ido ya ja. Su ne dai. Ya sa gilashi a gefen katin rana, ya ga sawun reza: an bi talatin da ɗayan an aske musu gefe ɗaya bayan ɗaya, an bar biyar da faɗinsu. Ya yi ta ja yana mayarwa, maciji na fitowa, sau uku, sau goma, sau ashirin, har ya ji yatsunsa sun yi danƙo. Ya zauna a kan kwalin takarda. Bai kunna inji ba ranar.

Bayan azahar Mai Kati ya dawo da auduga manne a ido, yana cin gyaɗa yana tofar da ɓawon a ƙasan shagon.

“Likitocin nan ba su san komai ba. To, malam, ka gani? Za su yiwu?”

“Za su yiwu. Amma girmansu ba ɗaya ba ne.”

Tsohon ya tsaya da tauna. Sai ya fashe da dariya, har gyaɗa ta fantsamo kan tebur.

“Kai! Lalle an ce ka iya aiki. Shekara talatin da biyar ba wanda ya gane, har da masu digiri. To ai ka hutar da ni, dama maganar da zan yi maka ke nan. Waɗancan biyar ɗin ka bar musu kafaɗa. Da reza na yi na farko, sati biyu ina fama, na yanke hannu ya fi a ƙirga. Kai da injinka ai minti ɗaya ne.”

“Matuƙin jirgin ruwan fa?”

“Wane? Oho. A kasuwar gwanjo na saya, cikin aljihun wata tsohuwar jaka, har da ɗan littafinsa da wani yare. Wani ɗan makaranta ya karanta mini rabi, ya ce ya gaji. Sauran rabin ni na ƙarasa da kaina.” Ya lashi yatsa ya ɗauki katin rana. “Ka ga wannan? Ba shi da amfani. Ka nuna wa mutum rana, ya yi murna ya tafi, ba ka ƙara ganinsa. Amma ka nuna masa wannan,” ya ɗaga macijin, “gobe da sassafe yana bakin ƙofa. Kuma ka san wani abu? Ba sa son ranar. Wanda lafiya ta ishe shi ba ya zuwa wurina. Wanda ya zo, da macijinsa ya zo a aljihu, so yake kawai a nuna masa hotonsa.”

Tawada ya dubi macijin da ke hannun tsohon, ya ce:

“In ya fito, sai ka tambayi mutum wa ke da makullinsa.”

“Ashe har wannan ta zaga gari? Tambaya ce mai kyau. Kowa akwai mai riƙe masa makulli. In mace ce in ce wa ke shiga ɗakinki ba sallama.”

“Ni ka tambaya. Shekara tara da suka wuce. 'Yata ta rasu, shagona ya ƙone.”

Mai Kati ya karkata kai, ya dube shi da idon da ya rage, tun daga sama har ƙasa, da gaske yana ƙoƙari. Ya taɓe baki.

“Wallahi ban tuna ba. Kuna da yawa. Allah ya jiƙan yarinya.”

“Ƙanena ne. Shi ke da makullin. Shekara tara ban ci abinci da shi ba.”

“To ni na ce ƙanenka ne?”

Tawada ya buɗe baki.

“A'a, tsaya, malam, a yi gaskiya. Na kira suna? Ban taɓa kiran sunan kowa ba tun da nake, ni ba mahaukaci ba ne. Na nuna maka hoton maciji, irin wanda ke cikin littafin 'yan aji ɗaya. Na yi tambaya. Kai ka ba kanka amsa, kuma na tabbata ba ka yi dogon tunani ba. Ba wanda ke yin dogon tunani. Kafin in rufe baki sunan ya riga ya iso.”

Abin da ya fi ci wa Tawada rai shi ne, gaskiya ƙazamin ya faɗa. Matarsa ma tana da makulli a lokacin, haka mai gadin layin. Ko sau ɗaya ba su faɗo masa a rai ba. Auta ne ya faɗo, nan take, kamar dama yana tsaye a bakin ƙofa yana jira. Auta da masu kawo aiki kan wuce Tawada su ce, ina ƙanenka mai hannun nan? Auta da mahaifinsu ya ce a gaban mutane, wannan shi ya gaje ni. Auta da ya ɗauki gawar jaririyar ya yi ta kuka har ya fi uban, uban kuwa yana kallonsa yana jin haushin kukan.

Ya naɗe katin a ƙyallensa da bakin rula, don kada ya sake taɓawa, ya tura.

“Ɗauki kayanka.”

“Haba, don wannan? Aiki ne fa na kawo maka.”

“Ɗauki ka fita, baba, tun ina ganin furfurarka.”

Tsohon ya ɗauka yana gunaguni, ya ce masu maɗaba'a sun cika gari. A bakin ƙofa ya juyo.

“In ka gaya wa mutane ma ba za su yarda ba. Mai askin nan naku jiya yana wurina.”

Tawada ya wanke hannu da kananzir, ya wanke da sabulu, ya kankare da soso har fatar ta yi ja. Ya share ɓawon gyaɗa, ya goge teburin sau biyu. Ƙyamar ba ta tafi ba, don ba a hannun take ba. Ya rufe shagon tun kafin la'asar, ya kama hanya da ƙafa.

Lungun Auta bai fi faɗin tabarma ba. Matakalar bene ce rufinsa, in mutum ya miƙe sai ya sunkuya. Littattafan ɗalibai jibge har sama, wasu an danne su da bulo gam na bushewa. Auta na zaune a kan ɗan benci, ya matse wani ƙaton ƙamus tsakanin gwiwoyinsa, yana huda gindinsa da basilla. Ya sa tabarau yanzu. Gashin kansa ya fara fari ta gefe, kuma Tawada bai san lokacin da ya fara ba.

Ya yi sallama. Auta ya amsa bai ɗago ba, sai da ya ja zaren ya ɗaure. Da ya ɗago, ya daɗe yana kallo ta saman tabarau.

“Yaya? Wa ya mutu?”

“Ba kowa.”

“To ɓatan hanya ka yi? Babban titi yana can baya.”

“Wurinka na zo.”

“Ikon Allah.” Ya janye wasu littattafai daga kan wani kwali. “Zauna, in ba ka ƙyama. Ka kula da kanka, benen nan ba ya sanin babba.”

Tawada ya zauna, sai da kansa ya bugu. Auta ya ci gaba da huda, ɗaya, biyu, uku, tazararsu daidai kamar an auna. Wata ɗaliba ta zo karɓar littafinta, ta ce wannan yayanka ne? Kun yi kama. Auta ya ce haka ake faɗa. Ta tafi.

“Na je wurin ɗan duba,” in ji Tawada. “Bayan gobarar. Mai katin nan.”

Basillar ta tsaya.

Ya faɗa masa duka, a jere, bai rage ba: macijin, sau ukun, tambayar makulli, ɗigon inji, sawun reza, kati biyar masu kafaɗa. Yana magana yana kallon ƙasa, inda guntayen zare suka taru. Da ya gama, sai ƙarar takalman masu hawa bene kawai ake ji a kansu.

“Kati,” in ji Auta. Ya cire tabarau ya ajiye. “Kati, Yaya? Ka san abin da na yi ta lissafawa a wurin nan? Na ce ko wata magana na faɗa wa matarka ba daidai ba. Na ce ko ranar gobarar ni na bar fitila, na yi ta tunawa, na yi ta tunawa, har na fara yarda ni ne. Na je na tambayi Inna kafin ta rasu ko na taɓa yi maka wani abu muna yara. Shekara tara ina neman laifina kamar mai neman allura. Ashe kwali ne. Kai da kake yanka kwali tun ban iya ɗaura wando ba.” Ya yi wata 'yar dariya marar daɗi. “Wato ni na kashe ta. Yarinyar da ni na fara sa mata suna Ƙwai.”

“Tsohon ya yaudare ni, amma...”

“To ka je ka kama tsohon mana. Me ka zo yi nan?”

Nan ne Tawada ya ga hanyar a buɗe. Yana iya ɗora komai a kan Mai Kati, su haɗu su tsine masa, su rabu a haka. Bakinsa har ya ɗauko. Sai ya fasa, ya ɗago ya dubi ƙanensa a ido, karo na farko tun ranar kofin.

“Bai kira sunanka ba. Ni na kira. Tun kafin in je wurinsa nake jin zafinka, don ka fi ni hannu, don Baba ya faɗa, don mutane sun fi son ka. Da abin ya same ni sai na nemi wanda zan ɗora wa, kuma kai nake so ya zama. Ba ka yi mini komai ba, ko da rana ɗaya.” Ya ɗaga murya yadda har mai gyaran takalmin da ke gefe ya juyo. “Auta, na zalunce ka. Ni yayanka na zalunce ka shekara tara. Don Allah ka yafe mini.”